Ranar da Na Nutsar da Jirgin Ubana

Ku kawo kunne, ku samarin yanzu masu cewa fito ba sana'a ba ce. Na ji ku da kunnena kuna dariya, wai mai jirgi wata uku yake aiki, wata tara yana kwance kamar kada bakin gaɓa. Wai sanda ce kawai a kafa a tura. To, ni ban yi boko ba, amma na san gulbin Gagare tun ba a haifi uwayenku ba, kuma yau sai kun ji abin da ke cikin wata taran nan da kuke kira kwanciya.

Ubana, Allah shi jiƙan shi, shi ke da Mashigin Marke, inda mutanen tungarmu da na ƙetare ke hawa in za su kasuwar Shinkafi ko sun nufi Ƙaura. Bai samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai ni kaɗai. Da anka ce mashi ɗiya mace ba ta shiga jirgi, sai ya ce ruwa bai taɓa tambayar kowa ko yana da gemu ba.

Aikina na fari kwalfa. Ina da shekara bakwai ya zaunar da ni tsakiyar jirgi, ya miƙo mani ƙoƙo, ya ce in riƙa kwashe ruwan da ya shigo ina zubarwa. Ranar nan na ga gulbi ja wur, yana tafe da itace da mushen akuya, na saki ƙoƙo na ƙura mashi ido. Baba bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Hajo, bar kallon ruwan gulbi. Na gulbi na Allah ne. Na cikin jirgi shi ne naki." Damina uku ban yi komi ba sai wannan. Cikin kwalfar nan na gane ruwa iri biyu ne ke shiga jirgi. Akwai wanda ke fantsamowa ta sama, shi wannan ba shi da mugunta. Akwai kuma wanda ke tsattsafowa tsakanin katako da katako, siriri kamar zare, ba shi da ƙara. Da tafin ƙafa ake jin shi, wani sanyi-sanyi da ke motsi ƙarƙashin diddige. Shi ke kashe mutane.

Daga nan ya koya mani toshi. Kayan aikin ba su da yawa, ba su kuma da kyawun gani: guduma ƙarama, wuƙa dakusassa wadda anka kashe bakinta da gangan, guntayen auduga, man kaɗe, kwalta cikin tsohuwar tukunya, ƙusoshi, da gwangwani da anka yanka anka miƙe. Za ka murza auduga kamar lagwani, ka jiƙa ta da mai, ka ɗora bisa tsaga, ka bi ta da wuƙa kana bugu a hankali. In ka matsa da yawa ka buɗe katako, in ka sassauta ruwa shi fidda ta. Kunne ke yin aikin. Guduma tana cewa "kwal, kwal" in akwai sauran rami, in ya cika sai ta ce "dum". Sannan kwalta mai zafi, sannan gwangwani inda tsagar ta yi faɗi. Ga tabon kwalta nan bisa hannuna, ku diba. Ba lalle ba ne.

Masu hawa kuwa, kowa da irin tashi fitina. Bafillatana mai nono ba ta yarda a taɓa mata ƙwarya, sai ta zauna da ita bisa kai, ga jirgi na rawa. Ka ce ta sauke, ta ce, "Aradu in ta zube ke za ki tatso wani?" Makiyayi shi kuma so yake a sa mashi maraƙi ciki, alhali dabba mai kofato ba ta shiga jirgin katako, iyo take bi gefe ana riƙe da igiya. Mutanen Maraɗi su zo da kaya niƙi-niƙi su ce ba nauyi, ka ɗaga ka ji kamar dutsin niƙa. Da 'yan kabu-kabu sunka yawaita sai abin ya ƙara lalacewa, don shi mai babur ba ya rabuwa da shi, sai ya hau bisa sirdi cikin jirgi kamar ango. Doka ɗaya ce ba a karyawa: ba a tsayuwa. Ko hakimi ne, in ya shiga sai ya zauna inda anka nuna mashi. Gawa da mai naƙuda ba su jiran sahu, ba a kuma karɓar komi gare su. Sauran mutanen gari in kaka ta yi kowane gida ya kawo damin gero, shi ne abincinmu na shekara.

Amma babban aiki, wanda kuke kira kwanciya, sai ruwa ya janye ake yin shi. Gagare ba irin gulbin Yawuri ba ne. In kaka ta wuce sai ya zama yashi, jakai na ratsa shi. To ina za ka kai jirgi? Wawa zai ce a jawo shi tudu a kife. Shi katako rai gare shi. Cikin ruwa yana kumbura ya matse ɗan'uwanshi, cikin rana yana tsukewa ya buɗe baki. Jirgin da ya sha zafin bazara a tudu ya zama rariya. Don haka nutsar da shi ake yi. Ƙasa da itacen marken da mashigi ya ci sunanshi akwai gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa. Nan muke kai jirgi, mu jera mashi duwatsu ciki, mu karkata shi ya sha ruwa ya zauna ƙasa. Ba a barin shi kuma a tafi. Duk kwana bakwai sai an je an diba: ruwan gurbi ya ragu har baki ya fito? A tura shi gaba. Shanu sun taka? Masu su sun kwashe duwatsu? Yashi ya cika shi? Haka har damina. Baƙo in ya gani sai ya ce an yar da dukiya, bai san ita ce ajiya ba.

Da Baba ya ji jiki ya ƙi, ya tara shaidu ya ce jirgi da mashigi na Hajo ne. Anka yi mani aure nan tunga. Maigidana, Allah shi gafarta mashi, ya karɓi sanda da filafili, ni ina toshi da karatun ruwa. Katako ɗaya-ɗaya munka riƙa sauyawa har na ƙasa kaɗai ya rage daga hannun Baba. Ɗan farina, wanda ba ni faɗin sunanshi sai dai in ce Babba, ya taso ya iya tuƙi. Shekara ashirin da wani abu ko akuya ba ta salwanta hannunmu ba.

Sai muguwar shekara.

Maigidana ya rasu ƙarshen ɗari, jirgi na kwance cikin gurbi inda munka ajiye shi tare. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita. Babba, da anka yi sadakar bakwai, ya koma cin rani kudu, don gida ba a ci da kuka. Na aika a riƙa diba mani gurbi, kullum a ce lafiya lau.

Shi marigayi yana da ƙane, Ila, ɗan kamasho ne tashar mota a Ƙaura. Ba mugun mutum ba ne, Allah na gani. Mutum ne dai da bai taɓa jiƙa wandonshi ba. Ya zo gaisuwa, ya bi ta gulbi, ya hangi bakin jirgi ƙarƙashin ruwa, kore shar da gansakuka. Ya dafe kai. Wai an bar dukiyar marayu tana ruɓewa. Dukiyar marayu! Jirgin da ubana ya ba ni tun shi Ila yana yawo ba wando. Ya tara majiya ƙarfi sunka kwashe duwatsu, sunka jawo shi tudu, sunka kife bisa turaku tsakar rana. Ya kuma ja kunnen kowa kada a gaya mani, wai mai takaba ba a ɗaga mata hankali.

Na tuna ya tsaya bayan zana yana gaishe ni. Ya ce, "Matar Yaya, in kin fita akwai abin da za ki gani, sai kin yi guɗa."

Na ce, "Ila, kai da ko ɗan kunne ba ka taɓa saya mani ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan ya fi ɗan kunne."

Ran wata Laraba na fita takaba. Na yi wanka, ban ko tsaya karɓar barka ba, na nufi gulbi. Tun daga nesa na hangi wani abu shuɗi bisa tudu yana ƙyalli. Na matsa. Jirgina ne. An shafe shi da fentin mota tun daga kai har gindi, an zana mashi furanni, har da rubutu a gefe kamar gingimari. Wata uku cur yana nan, bazara duk a kanshi ta ƙare.

Na karyi tsinke na bi tsaga. Ban samu audugata ba. Mai fentin da Ila ya ɗauko daga Ƙaura ya ga auduga da kwalta ya ce ƙazanta ce, ya ƙwaƙule ta kaf, ya cike gurbinta da wani farin ƙulli da suke cike lotsawar mota da shi, ya goge sumul, ya bi da fenti. Ido ba zai ga komi ba. Na danna da babban yatsa, abin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, tsinke ya wuce har ciki. Na gwada wuri biyar, wuri biyar ya wuce. Ita auduga tana kumbura tare da katako. Wanga abu ba ya kumbura, in katako ya motsa faɗuwa yake yi.

Babba ya dawo kwana biyu kafin nan, ya gani, ya kasa buɗe baki gaban baffanshi. Na ce mashi gobe da sassafe mu ƙwaƙule wannan shirme mu nutsar da jirgi. Kwana tara yake so ƙarƙashin ruwa, sannan kwana biyu na toshi.

Ashe gulbi bai ba mu goben ba. Mu ko ɗigo bai sauka gare mu ba, amma an kwana ana ruwa can kudu. Gari na wayewa Gagare ya iso, gaɓa da gaɓa, yana kumfa. Ga shi Alhamis, kasuwar Shinkafi.

Ku ji al'adar mashigi, don nan maganar take. Mai mashigi shi ke buɗe ruwa, wato shi ke yin fiton fari na shekara ran da gulbi ya kawo. Muddin ya buɗe, mashigi nashi ne, ba mai taɓa shi. In ruwa ya zo mutane sunka taru bai da jirgin da zai fitar da su, mai gari na da ikon kiran wani, kuma wanda ya buɗe shi ke riƙewa daga ranar. Akwai wani Ɗan Jumma da ke fito can ƙasa, Mashigin Laka, wurin da ba kowa ke bi ba. Ya daɗe yana haɗiyar miyau kan Marke.

Ko da na isa, Ila ya sa an juya jirgi an tura shi bakin ruwa. An ɗora buhunan albasa shida da babur guda. Mutane sun fara zama. Can tsakiya ga Kulu mai ƙuli-ƙuli, da tagwayenta 'yan wata biyar, ɗaya a baya ɗaya a cinya. Babba na tsaye da sanda, kai a sunkuye. Ila sanye da farar riga yana nuna wa kowa wuri kamar a tasha.

Na ce, "A sauke."

Ila ya ce, "Matar Yaya, ina guɗar tawa?"

Na ce, "A sauke kayan nan, kowa shi fito. Jirgin nan ba shi kai tsakiya."

Ya ce, "Haba! Diba shi fa. Ko a Gusau ba a yi mai kyawunshi ba."

"Kyawu za su hau ko katako?"

Anka yi dariya, ranshi ya ɓaci. Na shiga ruwa, na sa yatsa na ɓare farin abin nan gaban kowa, na nuna masu rami. Ila ya ce ai katako in ya ji ruwa zai kumbura, ni da bakina nake faɗi. Na ce zai kumbura cikin kwana tara, shi kuwa gulbi ana ƙetare shi kafin a gama cin goro guda. Kulu ta ɗaga murya ta ce, "Ke Hajo, takaba ta taɓa maki kai ne? Ƙulina na kwana biyu zai lalace. In tsoro kike ji koma gida, ɗanki ya iya."

Ana cikin haka mai gari ya iso. Dattijo ne, ya san ubana. Ya saurari kowa, sannan ya ce, "Hajo, mashigi ba na gida ɗaya ba ne. Ga mutane nan, ga na ƙetare can suna ɗaga hannu. Jirginki zai fita ko ba zai fita ba?"

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni kwana goma sha ɗaya."

Ya ce, "Kasuwa biyu ke nan. In mai naƙuda ta zo fa? In an yi mutuwa ƙetare?"

Na ce, "To a kira Ɗan Jumma shi riƙa mani aro, in na tashi shi koma."

Ya girgiza kai. Ya ce, "Kin fi ni sanin ba a aron buɗe ruwa. Ubanki ma da haka ya samu."

Gaskiya ya faɗi. Babba ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Inna, sahu ɗaya kaɗai. A rage kaya, in bi a hankali, ke ki riƙa kwalfa. In munka taɓa waccan gaɓa shi ke nan, Marke ya zauna hannunmu." Na dubi ƙetare. Mutum ya fi talatin tsaye da kaya. Ko da wofi munka isa, wa zai hana su afkawa ciki? Na tura ƙafata cikin jirgi, tsakanin buhu da buhu. Ko sanda ba a kafa ba, ga sanyin nan yana motsi ƙarƙashin diddigena, ba wuri ɗaya ba, ko'ina.

Na ce, "In ka kafa sandar nan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Babba ya kwantar da sanda bisa yashi, ya kama buhun fari ya sauke. Da sunka ga ba matuƙi sai kowa ya fara fita yana zagi. Ila yana ta faɗin, "Ku shaida! Ku shaida abin da na kashe kan jirgin nan!" Kulu ta fito tana jan zane, ta ce Allah shi isar mata.

Na kama igiya na ja jirgi zuwa lungun da ruwa ke kwanciya ƙarƙashin marke, na ɗaure ga saiwa. Da bakin wuƙata na bi tsaga ina ɓare abin da hannuna ya kai. Na ɗauko dutse na fari na ajiye a kai, na biyu a gindi. Kafin in kawo na uku ruwa ya rufe idon sawu. Ban karkata shi ba, ban taɓa ganin jirgin da ya nutse ba a karkata shi ba sai wannan. Da kanshi ya sha ya zauna, furannin Ila na kallon sama ta cikin ruwa. Amma su mutane duwatsu sunka gani hannuna. Kafin azahar labari ya kai Shinkafi cewa matar mai fito ta haukace ta nutsar da sabon jirgi don ƙyashin ƙanen miji.

Mai gari ya aika, hantsi bai yi ba Ɗan Jumma ya iso da jirginshi. Ya buɗe ruwa. Ina tsaye jiƙe ya wuce ta gabana, ya ce, "Sannu da aiki, Inna."

Bayan kwana tara munka tayar da jirgi, munka kankare fenti, na yi toshi kwana biyu, guduma ta ce "dum" tun daga kai har gindi. Munka gangara da shi Mashigin Laka, inda mutum ke nutsewa har gwiwa kafin ya kai ga jirgi, inda sai makiyaya da wanda ya ɓata hanya. Dammunan gero da ke shigowa gidanmu da kaka sunka koma kashi ɗaya cikin huɗu. Shekarar nan sai da munka ci tafasa da rama ba gari. Ɗan Jumma bai taɓa makara ba ko sau ɗaya, yanzu ɗanshi ke riƙe da Marke. Ila har ya koma ga Allah yana gaya wa mutanen tasha cewa ya yi wa matar wanshi alheri ta saka mashi da dutse. Mu kuwa muna Laka har gobe.

Bara anka yi suna gidan Kulu, ɗaya daga cikin tagwayen nan anka haifa wa ɗa. Na je. Tsakar gida cike da mata, ga tagwayen can ƙofar zaure, ƙatti, kowa da gemunshi, suna ta rabon tuwo ga baƙi. Kulu ta tsufa, haƙora sun zube, amma bakin na nan. Tana hango ni ta kama hannun wata baƙuwa daga Zurmi ta ce, "Zo ki ga matar da nake ba ki labari. Wagga ce ta hana mu cin kasuwa, ta nutsar da jirgi lafiyayye muna ji muna gani. Ƙulina kwando guda sai awaki na ba. Ko ba ke ba ce, Hajo?"

Mata sunka kwashe da dariya. Anka miƙo mani jaririn, na karɓa, na dubi fuskarshi, na tofa mashi addu'a.

Na ce, "Ni ce, Kulu. Miƙo mani goro."